Kukan da Ban Goge Ba

Salamu alaikum masu karatu. Yau ba za ku ji muryata ba, rubutu ne kawai, kuma da gangan na yi haka. Matan garinmu da kunne suke karanta littafi, don haka abin da na ajiye a wannan shafin zai tsaya tsakanina da ku na nesa. Sunayen da za ku gani duk na aro ne, har da nawa. Ku kira ni Nafisa. Garin ne kaɗai na kasa canzawa, don in aka raba ni da Madarumfa ban san ta inda zan kamo labari ba.

Littattafai huɗu na rubuta, na huɗun ne ya raba ni da mutumin da nake so.

Na fara rubutu shekarar da jarrabawar bak ta ƙarshen lise, wato sakandare, ta kayar da ni a Maradi, na dawo gida da katifata a naɗe, ina sunne kai kamar wadda ta yi sata. Babana Malam Illo masunci ne a tabki, Innata Tani ita ke banda kifin ta kai kasuwa. Wanda ya tashi a gidanmu ko kwalbar turare guda ya juye a jiki sai an jiyo banda a mayafinsa. Shi ya sa na sa wa littafina na farko suna *Hayaƙin Kifi*. Na riƙa tura shi babi-babi a wani gurup na WhatsApp, masu karantawa kuwa ko tabarma ɗaya ba za su cika ba.

Inna ce ta canza mini hanya ba tare da ta sani ba. Ta gaji da ganin kaina a sunkuye kan salula, ta ce, "Ke wai mi kike latse-latse tun sahe? In magana ce ki hwaɗe ta da baki mu ji mana."

Na karanta mata babi ɗaya tana juya tarwaɗa a kan raga. Kafin in kai ƙarshe maƙwabta sun leƙo ta katanga, kifin gefe ɗaya ya ƙone ƙurmus, Inna ko a jikinta. Daga ranar na koma ɗaukar kowane babi a bokal, wato saƙon murya. Gidanmu ba ya ɗaukuwa saboda awaki da daka, sai in tafi garkarmu ta bakin tabki bayan la'asar, in zauna gindin mangwaro in karanta. Masu sharjin salula suka fara zuba wa mata a kart memwar, ɗan katin ajiya na salula. Kan ka ce me, ana sussuka ana saurarena, ana kitso ana saurarena.

Na biyu shi ne *Matan Bakin Iyaka*, labarin matan direbobi masu kwana da kunne a bakin ƙofa. Shi ya buɗe mini wata ƙofar da ban nema ba. Mata suka fara turo mini bokal a ɓoye, wasu su zo da ƙafarsu, kowacce da abin da ya daɗe yana cin ranta, kuma maganarsu ɗaya ce: ki rubuta, amma ki ɓoye ni. Da irin waɗannan na gina na uku, *Ruwan Rani*. Yadda nake aikina, sai in canza garin mace, in canza sana'ar mijinta da yawan 'ya'yanta, in fara ce in mayar da ita baƙa. Sannan in shiga rigarta in ba da labarin da bakina, kamar ni abin ya faru da ita, don na lura haka ya fi shiga zuciyar mata. Ban taɓa kawowa a raina akwai ranar da za a ce rigar tawa ce ba.

Wata ranar kasuwa ina ban ruwan salati sai ga wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, sanye da hijabi ruwan ƙasa har idon sawu, riƙe da ledar kifin da ta saya wurin Inna don ta samu dalilin tambayar hanyar garka. Ta ƙi zama kan tabarma, ta zauna a ƙasa, ta ba tabki baya.

Ta ce tana budurwa an kai ta riƙo wurin ƙanwar mahaifiyarta a Safo. Wani ya yaudare ta ya yi mata ciki, ya haura arewa, bai sake waiwayowa ba. Ita innar tata ba ta taɓa haihuwa ba. Da ta gane halin da ake ciki, sai ta fara ɗaura tsumma a cikinta tana ƙarawa wata-wata, ita da mijinta suka kwashe yarinyar suka tare a bukkar gona duk damina. Da kaka suka dawo gari, innar ce ke goye da jaririya a wani shuɗin zanen saƙi da ta fito da shi daga ƙasan akwati.

"Yarinyar ta girma, tana lakwal," in ji ta, wato makaranta. "Yaya take ce mani. Ko uwar da ta haihe ni ba ta san wanga zance ba."

Yanzu tana aure a garin Sarkin Yamma, da 'ya'yanta, a gidan mutanen da ba sa yafe irin wannan. Na tambaye ta me take so in yi mata.

"Ba ni son komi. So nike in ji shi a bakin wata, ana saurare cikin mata, in samu in yi kukana a hili, a ce labari ne ya sa ni kuka."

Haka aka haifi *Yaya Take Ce Mini*. Na ɗauke labarin daga Safo na kai shi wani gari can daban, na mayar da zanen goyon ja. Amma da na zo babin da yarinyar ke ba jaririyar nono na ƙarshe ta miƙa ta, muryata ta karye. Na yi kuka sosai, irin mai jan majina, salula tana ɗauka. Ƙa'idata ita ce in na yi ko tari ne sai in goge in sake. Wannan karon na saurara, na ji babu yadda zan sake karanta shi ya kai haka, na tura shi yadda yake. Littafin ya je Katsina, ya je Damagaram, har daga Agadas ana turo mini gaisuwa.

Shi ya kawo mini Mansur.

Direba ne, yana ɗaukar albasa da wake daga Maradi zuwa bakin iyaka, wani lokaci ya yi arewa. Ya tsaya sayen kifi wurin Inna, ya ji ina yi wa wata akuya masifa don ta ja leda. Ya juyo da hularsa a ƙeya, ya ce, "Wagga muryar ta raka ni har Agadas. Ashe ta iya hwaɗa ma."

Ku yi mini uzuri in na tsaya a nan kaɗan. Baƙi ne, mai wushirya, kullum yana ƙanshin gazuwal, wato man dizal, da turaren da yake fesawa don ya danne gazuwal ɗin, kuma gazuwal ne ke cin nasara. Samari suna kai wa 'yan mata atamfa, shi kyautarsa ta farko ɗan makirfo ne mai maƙalawa a wuyan riga, wai iskar tabki tana cinye masa ƙarshen maganata. Bai taɓa ce mini in bar rubutu ba. Ba ya da haƙurin karanta Hausa, amma ya haddace mutanen littattafaina kamar danginsa, har rigima yake yi da ni in na kashe wanda yake so. Na so shi. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, na so shi fiye da yadda na taɓa rubutawa. Manyansa suka zo gaisuwa da goro da alewa, aka ce in an gama kaka za a sa rana.

Wata yamma muna zaune kan dakalin ƙofar gida, yana nuna mini hotunan 'yan gidansu a salula. Ya nuna mahaifiyarsa Hajiya Lami. Ya shafa gilashin ya wuce gaba.

"Wagga ita ce yayata Ruƙayya, ta Sarkin Yamma. Ita ta goye ni."

Hijabi ruwan ƙasa. Na ji dakalin ya yi sanyi a ƙarƙashina.

"Wagga kuma Maryama, ɗiyar Innarmu ta Safo. Kowa cewa yake kamarsu ɗaya da Yaya. Lahiya, Nafisa?"

Na ce masa hayaƙin banda ne ya shiga mini ido. Daga baya mun haɗu da Ruƙayya a wani suna a Maradi, muka gaisa kamar ba mu taɓa ganin juna ba. Da ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau, ta matse yatsuna ta saki.

Kun san yadda ake binciken aure. Dangin Mansur suka turo mata biyu su ji halina a bakin mutane. Suka shiga gidan kitso, suka tarar ana sauraren wancan babin. Wata ta ce, ai ga amaryar taku nan tana kukan ɗiyarta. Daga nan zance ya tashi, ya shiga har gurup ɗin da ni na buɗe da hannuna.

Wata ta turo: "Wallahi ba a yi ma labarin wani irin wanga kuka. Ni uwa ce, na san kukan nono."

Wata ta ce: "To shekarun da ta yi Maradi wai lakwal, wa ya san abin da anka yi?"

Masu kare ni kuma su suka fi tsorata ni. Suka ce ba ita ba ce, kowa ya san mata ke kawo mata labari, ku dai a duba a gani, wace ce a ƙasar nan ta daɗe ba haihuwa sannan ta dawo daga gona da goyo? Suka shiga lissafo mata a Gabi, a Ɗan Isa, a Safo. Ni suke taimako, amma kowane suna suka kira gabana sai ya faɗi.

Ana haka Hajiya Lami ta aiko a dakata da maganar sa rana.

Ranar da saƙon ya iso, Inna ta bar kifi a kan wuta ta same ni a ɗaki ina ninke kaya. Ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, zanenta duk toka.

"Ki hwaɗi mai labarin."

"Inna, amana ce."

"Amana! Ita mai amanar tana ɗakin mijinta tana shan hura, ke kina nan ana yi da ke a bakin pampo. Yau wata ta sayi kihina tana kallon cikina, wai ko ni ce na ɗaura tsumman. Ni Tani!"

Baba yana tsakar gida yana ɗinke ragarsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Nafisa, ni na san ɗiyata. Amma gari bai sani ba, kuma ba da ni kaɗai za ki zamna ba."

Inna ta zauna bakin gado, faɗan ya ƙare mata, sai hawaye. "Ni na ja maki. Kina latse-latsenki lahiya lau na ce ki hwaɗa da baki."

Wannan ya fi mini faɗan ciwo. Na ɗauki salula na tura wa Ruƙayya bokal, na ce, Yaya, kin ji halin da ake ciki, ki ba ni shawara. Alamar ta nuna ta saurara. Amsa ba ta zo ba.

Mansur kuwa kullum sai ya turo. "Ni ban yarda da zancen kowa ba." Can kuma: "Kin ci abinci?" Can kuma: "Suna kawai nike so." Da ya dawo daga tafiya ya zo da shaddarsa ruwan toka wadda na ce tana yi masa kyau, ya ƙi zama kan dakali.

"Ni kaɗai za ki hwaɗa mawa. In kai ma Hajiya a kunne, ta dahwa Alƙur'ani ba ta gaya ma kowa. Shi ke nan an wuce wurin."

"Ba ni iyawa, Mansur."

"Wagga mata ta hi aurenmu?"

Na kalle shi. A raina na ce, ita ta goye ka. A fili na ce, "In na tona ta yau, gobe wace mace za ta sake yarda da ni?"

"To ki riƙe amanarki. Ni ban ɗauki ma kowa alkawari ba. Da kaina zan nemo ta, in wanke ki a gaban garin nan."

Ya faɗi haka ne don ya faranta mini. Na tashi na shiga gida.

Jiya da hantsi ina garka ina cire ciyawa a fangalin albasa, sai na ji kabu-kabu ya tsaya a kan hanya. Wata dattijuwa ta sauko ita kaɗai, cikin leshi fari da babban mayafi, tana ɗage zane saboda laka. Hajiya Lami ce, ban taɓa ganinta ido da ido ba sai a hoto. Na wanke hannu a bokiti na durƙusa.

"Hajiya, ina kwana. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Tashi, ɗiyata."

Na shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro. Ta zauna da ƙyar tana dafa gwiwa, ta dubi tabki, ta dubi reshen da nake rataye jakata.

"Nan kinka yi kukan?"

"Nan ne, Hajiya."

"Na ji tsuntsayen a cikin bokal ɗin." Ta ja carbinta ta ajiye a cinya. "Na saurare shi har ban san adadi ba. Kin iya, Allah ya ba ki. Wuri ɗaya kinka yi kuskure. Kin ce zanen goyon ja ne."

Na ɗago na dube ta.

"Shuɗi ne. Saƙi. Ni na saye shi a babbar kasuwar Maradi, na aika ma ƙanwata a cikin buhun gero."

Masu karatu, ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Na ce, "Hajiya, ta ce ba ki sani ba."

"Haka take zato, kuma haka nike so ta mutu tana zato. Wace uwa ce ɗiyarta za ta yi ciki ta haihu ba ta sani ba? Ni na ce a tahi gona. Na bar ta da sauran mutuncin da za ta iya kallon idona da shi."

"To kin san ba ni ba ce."

"Tun ranar da na hwara ji."

"Amma kinka dakatar da sa rana."

Ta gyara mayafinta. Ba ta kawar da ido ba, kuma na fi son da ta kawar.

"Saurara ki ji. Gari ya rabu biyu, wasu sun ce ke ce, wasu suna nema. Masu neman sun kai Safo. Dangin mijin Ruƙayya suna saurarenki, uwar mijinta ta hi kowa son littahinki. Yanzu duk ido yana kaina. In na karɓe ki, za a ce Hajiya Lami ta bincika ta ga yarinyar tsab take, to wace ce? Su ci gaba da tono. In na ƙi ki, za a ce ashe gaskiya ne, zance ya mutu a kanki. Ruƙayya ta zamna ɗakinta. Maryama ta yi aure wata rana da sunan uba."

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai jiya.

"To ni hwa, Hajiya? Ni ba ɗiyar wasu ba ce? Uwata ko kasuwa ba ta iya zama!"

"Ɗiyar wasu ce ke," ta ce a hankali. "Shi ya sa nike iyawa. Da tawa ce ke da ban iya ba."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Ta ce ba ta zo neman gafara ba, ta san ba ta cancanta ba, Allah ne zai yi mana hisabi ni da ita. Abin da ya kawo ta Mansur ne.

"Na san ɗana. Muddin shina ganin an zalunce ki, ba shi bari. Zai yi ta bin sawu har ya tsinci kanshi a ƙohwar ɗakin yayarshi. Na hana shi, ya ƙi ji. Mutum ɗaya ce za ta iya tsai da shi."

Ba ta faɗi yadda za a tsayar da shi ba, ni ma ban tambaya ba, dukanmu mun sani. Ta yunƙura ta tashi, ta dafa kaina, hannunta yana ƙanshin man zaitun da citta.

"Ke na so ma ɗana. Wallahi ke na so mashi."

Ta tafi tana ɗage zanenta. Na zauna a wurin har rana ta take, albasar ko ruwa ban ba ta ba. Na yi ta gaya wa kaina ba dole ba ne. Ban haifi kowa ba, ban yaudari kowa ba, labari aka kawo mini na karanta. Na yanke cewa zan yi shiru kawai, in bar wa Allah.

Bayan la'asar salula ta yi ƙara. Mansur ne, ina jin ƙugin mota da iska a bayansa, muryarsa cike da murna.

"Nafisa, na kusa! Wata mai tuyar ƙosai a kasuwarku ta ce ta tuna wata doguwar mata da ta tambayi hanyar garkarku bara, ta ce ta taɓa ganinta wajen Safo. In na sauke kayan ga gobe can zan wuce. Innarmu tana can, babu macen da ba ta sani ba. Zan sa ta zamna ta lissaho mani su ɗaya-ɗaya."

Na rufe ido. Na ga yarinyar nan ta cikin hoto da kayan lakwal, ta fito da gudu tana yi wa yayanta Mansur sannu da zuwa, tana karɓar ledar tsaraba.

"Kada ka tahi Safo."

"Don mi?"

"Babu wata mata, Mansur. Ni ce."

Na ji ya rage gudu. Na ji tayoyi sun sauka kan tsakuwa, injin ya mutu. Sai iska kawai.

"Sake hwaɗi."

"Labarina ne. Lokacin da nike lise a Maradi. Kukan da ka ji nawa ne."

Na yi shekaru ina shiga rigar mata ina magana da bakinsu, ban taɓa yin karatun da ya fita tsab kamar wannan ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

"Ranar da na hwara jin wanga babi ina hanyar Agadas. Na tsai da mota na kihwa kai a sitiyari na yi kuka tare da ke, ban ma san ki ba. Na ce ko wace ce wagga yarinya, an cuce ta, da zan gan ta da na riƙe ta." Ya ja numfashi. "Da kin gaya mani tun kan dakali, Nafisa, wallahi da na ɗauke ki da ke da ɗiyar, in yi hwaɗa da Hajiya, in yi da duniya. Amma kin bar ni ina yawo kasuwa-kasuwa ina rantsuwa a kanki. Kin dubi idona kin ce amana ce."

Na cusa gefen mayafina a baki na cije.

"Allah ya raya ta," ya ce. Ya kashe.

Yau da safe ƙanen babansa ya zo ya gana da Baba a zaure, ba su daɗe ba. Inna ba ta fita kasuwa ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ajiye mini fura a bakin ƙofa ta koma. A gurup an daina lissafa matan Safo, zance ya mutu kamar yadda Hajiya ta ce. Wasu sun fita, wasu suna turo mini addu'ar shiriya, wata kuma ba kunya ta tambaya yaushe littafi na biyar zai fito. Na cire ɗan makirfon daga jakata na mayar da shi cikin kwalinsa. Hoton Mansur ya ɓace daga kan lambarsa, sai farar da'ira.

Zuciyata ciwo take yi, ciwo na gaske, a nan ƙarƙashin haƙarƙari. Ba rashin auren ne ya fi ƙona ni ba. Mutumin nan ya ce da zai ɗauke ni ko da gaskiya ne, kuma na san da gaske yake.

Ina cikin rubuta muku wannan na ga sunan Ruƙayya ya hau sama. A ƙarƙashinsa alama ta nuna tana ɗaukar bokal. Na ajiye rubutun na zuba ido. Ta daɗe tana ɗauka, sai alamar ta ɓace, babu abin da ya shigo. Ta sake farawa, ta sake gogewa. Ban sani ba ko godiya take son yi, ko haƙuri za ta ba ni, ko kuwa cewa za ta yi ta gaji, za ta kira ƙanenta ta faɗa masa da bakinta. In na ukun ne, ban san ko zan hana ta ba. Allah ya gani, ban sani ba.

Furar Inna tana nan ban taɓa ba, salular tana kan cinyata, ga alamar ta sake fitowa.